Abin da ya sa nake sa ɗalibaina su rubuta littattafan ambaliya da tsawa da hannunsu

Kowace shekara, tun kafin saukar ruwan farko, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, wato NiMet, takan fitar da hasashenta na damina, sannan hukumar NIHSA mai lura da koguna da madatsun ruwa ta biyo baya da sunayen jihohi da ƙananan hukumomin da take fargabar ambaliya za ta shafa. Ana karanta waɗannan sanarwowi a rediyo, ana yaɗa su a Facebook da WhatsApp, wani lokaci ma masu unguwanni su sa a yi shela. Sai dai duk wannan magana da manya ake yin ta. Yaron da aka aika kai niƙa alhali hadari ya haɗo, da yarinyar da ke yawon talla da tire a kai, da almajirin da ya fita neman abincin dare, da ɗan kiwon da ke can bayan gari da shanu, babu wanda ya zauna ya yi musu bayani da harshen da za su riƙe. Ga shi kuma su ne suka fi samun kansu su kaɗai a daidai lokacin da ake bukatar yanke shawara cikin gaggawa.

Ina koyarwa a wata firamare a yankin kogin Haɗeja, inda ruwan da ke gangarowa daga madatsun Tiga da Challawa yake haɗuwa da na sama, ga kuma ciyawar kachala da ta toshe hanyoyinsa, har ya zama mutanen Auyo da Kafin Hausa da Ringim da Guri ba sa jin labarin ambaliya a matsayin baƙon abu. A shekarar 2022 ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da muhallansu, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi ji a jika. Duk da haka, idan ka tambayi ɗan aji biyar abin da zai yi idan ya farka cikin dare ya taka ruwa a tsakar ɗaki, sau da yawa amsar da za ka samu ita ce zai tashi babansa. Idan ka ce masa baban ya yi tafiya, sai ya yi shiru. Wannan shirun ne ya sa na fara sa 'yan aji huɗu zuwa shida su riƙa rubuta ƙananan littattafan labari a kan haɗurran yanayi, su kuma yi musu zane da kansu.

Za a iya cewa ai ya wadatar malami ya rubuta dokoki a allo, yara su maimaita. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban aji ya san yadda wannan yake ƙarewa. Yara za su rera "kada a tsaya a gindin bishiya, kada a shiga ruwa mai gudu" da murya ɗaya har rufin aji ya amsa, su rubuta shi daidai a jarrabawa, sannan ranar da ruwa ya tare su a hanya su ruga gindin bishiya mafi kusa. Labari kuwa yana zama a zuciya ta wata hanya dabam, domin yana zuwa da mutum da wuri da abin da ya biyo baya. A tsibirin Simeulue na ƙasar Indunusiya, igiyar teku ta hallaka jama'a da yawa a shekarar 1907, waɗanda suka tsira kuma suka mayar da abin labari da waƙar reno, suna gaya wa 'ya'ya da jikoki cewa idan ƙasa ta girgiza, teku kuma ya ja da baya, to a gudu kan tudu. Da bala'in ya dawo ranar 26 ga Disamban 2004, mutanen tsibirin, waɗanda yawansu ya haura 70,000, suka haye duwatsu, kuma mutum bakwai kacal aka ruwaito sun rasu a can, alhali a wasu gaɓoɓin tekun an yi asarar dubban ɗaruruwa. Wannan bala'i daga girgizar ƙasa ya taso, amma yadda labarin ya yi kusan shekara ɗari yana jiran ranar amfaninsa ya shafe mu kai tsaye. Madatsar Alau ta yi wa Maiduguri ambaliya a 1994, ta sake ɓallewa a daren 9 wayewar 10 ga Satumban 2024. Shekara 30 sun isa a haifi mutum, ya girma, ya yi aure, ya haihu, ba tare da ya taɓa ganin ruwa a bakin zaurensa ba, kuma idan ba a bar masa labari ba, daga farko zai fara koyo, a tsakiyar dare.

Aikin ba da rubutu muke fara shi ba. Nakan tura kowane yaro gida ya tambayi kakarsa ko wani dattijo a unguwa wace shekara ce ruwa ya fi yin ɓarna a iya saninsa, ina ruwan ya tsaya, ta wace hanya ya shigo, ina kuma mutane suka fake. Abin da suke dawowa da shi ya fi abin da ke cikin littafin darasi daraja, domin tsofaffi sun san cewa ruwa yana da hanyarsa, ko an yi gini a kanta sai ya dawo nema. Daga nan sai mu zana taswirar garin a ƙasa da tsinke, mu nuna tudu da kwari, da kududdufin da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, da kwalbatin da ke toshewa, da masallacin Juma'a, da makarantarmu. Kowane rukuni na yara uku ko huɗu sai ya zaɓi haɗari ɗaya da mutum ɗaya da wuri ɗaya a cikin taswirar. Sharaɗin da ba na sassautawa a kansa shi ne dole labarin ya kai inda hanya ta rabu biyu a gaban mutumin, ya zama sai ya zaɓi ɗaya. A wannan gaɓar ce yaro yake tsayawa da fensir a hannu yana tambayar kansa abin da shi zai yi, kuma wannan tambayar ita ce duk abin da nake nema daga aikin.

Kayan aikin ba su da tsada. Takarda uku idan aka naɗe su biyu aka ɗinke tsakiyarsu da allura da zare sun ba da shafi 12, kwalin taliya ko na sabulu kuma ya isa bango. Fensir mai launi ba ya isar kowa, don haka muke haɗawa da gawayi don hadari, da shuɗin wanki don ruwa, da jar ƙasa da aka dama don katanga, da ruwan zoɓo da na kurkum. Yatsa ko tsinken da aka tauna kansa shi ne buroshi. Littafin yakan fito da ɗan kumbura saboda laima, yana ƙanshin zoɓo, kuma ban taɓa ganin yaron da ya yarda ƙaninsa ya yaga masa shi ba.

Zanen shi ne ya fi ba ni amfani a matsayina na malama, domin a rubutu yaro yana iya kwafo jimlar da ya ji a bakina, amma a zane abin da ya yi imani da shi ne yake fitowa. Wani yaro ya kawo mini shafinsa na ƙarshe, ya zana makiyayi da shanunsa sun taru a gindin wata babbar tsamiya, walƙiya na keta sama, a ƙasa kuma ya rubuta cewa sun tsira. Na ce masa, "Me ya sa ka kai shi gindin tsamiya?" Ya ce, "Malama, ai don kada ruwa ya jiƙa shi." A ganinsa jiƙewa ce haɗarin. Da ban ga wannan zane ba, da na ci gaba da zaton ya fahimci darasin, tunda ya amsa shi daidai da baki. Muka ajiye komai muka yi magana a kan aradu: cewa ta fi faɗa wa abin da ya fi tsawo a fili, cewa idan ta sauka a bishiya wutarta tana bazuwa ta cikin ƙasa ta kama wanda ke tsaye kusa, cewa abin da ya sa ake samun shanu da yawa sun mutu lokaci guda ke nan, domin tazarar da ke tsakanin ƙafafunsu na gaba da na baya tana ba wutar hanyar ratsa jikinsu. Mafaka mafi aminci ita ce cikin gini mai bango da rufi, ko cikin mota a rufe. Wanda ke daji kuwa, ya nisanci bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, da kan tudu, da bakin ruwa, da shingen waya, idan kuma suna da yawa su wawwatsu kada su cure wuri ɗaya.

Akwai lissafi ɗaya da yara ke so ƙwarai. Haske ya fi sauti gudu nesa ba kusa ba, shi ya sa ake ganin walƙiya kafin a ji tsawa. Sauti yana cin kusan kilomita ɗaya a cikin daƙiƙa 3, saboda haka idan ka ƙirga daga walƙiya zuwa tsawa ka samu 30 ko ƙasa da haka, hadarin yana cikin kilomita 10 daga inda kake, kuma lokacin neman mafaka ya yi. Bayan tsawa ta ƙarshe ana so a dakata minti 30 kafin a fito. Yaron nan ya sake zana shafinsa, wannan karon makiyayin yana ƙirge da yatsunsa, ya kuma kora shanun nesa da tsamiyar. Na sa ya ƙara jimla ɗaya da nake ganin tana iya ceton rai, cewa wanda aradu ta faɗa wa babu sauran wuta a jikinsa, ana iya taɓa shi a taimake shi nan take, domin mutane da yawa suna ja da baya don tsoro a daidai lokacin da yake bukatar a duba numfashinsa a kai shi asibiti.

Labaran ruwa sun fi wuyar gyara, saboda yara suna son jarumi, jarumi kuma a wurinsu shi ne wanda ya faɗa ruwa ya ceto ƙaninsa ko akuyar gidansu. Kusan kowane rukuni haka yake fara rubutawa. Gaskiyar magana kuwa ita ce ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba, wato ya ɗan haura idon sawu, yana iya kayar da babban mutum, mai santimita 30 kuma yana iya ɗaga ƙaramar mota. Ruwan ambaliya ja ne, ba a ganin ƙasansa, yana ɓoye lambatu da rijiyar da ba ta da murfi da wayar lantarki da ta faɗi. Kududdufi ma gefensa a tsaye yake saboda yadda aka haƙa shi, ƙasansa kuma laka ce mai riƙe ƙafa. Sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma ba ya fitowa, gida ɗaya ya yi rashi biyu. Don haka nake dagewa jarumin littafin ya zama wanda ya yi ihu ya tara manya, ko wanda ya kwanta rub da ciki a bakin ruwa ya miƙa gora, ko wanda ya jefa igiya ko jarkar da babu komai a cikinta an ɗaure murfinta. Wata yarinya ta ce mini, "Malama, ai wannan ba jarumta ba ce, tsoro ne." Na ce ta rubuta labarin sau biyu, ɗaya da yarinyar da ta shiga, ɗaya da wadda ta miƙa gora, ta kuma zana mahaifiyarsu a shafin ƙarshe na kowanne. Na biyun ta zaɓa ta ɗinke.

Nakan kuma nemi wasu labaran su faru da dare, domin ruwa ba ya jiran gari ya waye. Ambaliyar Mokwa ta jihar Neja, wadda ta kashe sama da mutum 150 a ƙarshen watan Mayun 2025, ta riski jama'a da yawa ne kafin su tashi daga barci, ta Maiduguri ma haka. Labarin dare yana tilasta wa yaro ya amsa tambayoyin da gidaje da yawa ba su taɓa tattaunawa ba: ina tocila take kwana, wa zai goya jariri, wa zai riƙe hannun kaka, a ina za a haɗu idan an rabu. A yankinmu kuma rushewar gini tana kashe mutane ko da kogi bai tumbatsa ba. Idan marka ta zauna a watan Agusta, katangar ƙasa tana shan ruwa daga tushe, soro yana yin nauyi idan indararo ya toshe. Ko tsohon masallacin Damagaram, wanda aka gina da ƙasa tun ƙarni na 19, ya rushe a farkon Satumban 2024 bayan mamakon ruwa. Yaron da ke kwana a ɗaki shi ne yakan fara ganin tsaga a bango, ko ƙasa tana zubowa daga tsakanin azara, ko danshi yana hawa sama, kuma ina so ya san cewa faɗa wa babba wannan abu ba rashin kunya ba ne, ko da za a ce masa ya koma ya kwanta.

Bazara da hunturu ma suna da nasu littattafan, ko da yake ba su kai na damina yawa ba. A watannin Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, lokacin ne kuma sanƙarau yake yaɗuwa, cutar da ta kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya a 1996. Labari ɗaya da ya nuna yarinya ta lura ƙanwarta na da zazzaɓi mai tsanani da ciwon kai, wuyanta kuma ya sanƙare, ta matsa a tafi asibiti a ranar, ya isa. A hunturu kuwa maganar kaskon garwashi ce a ɗakin da aka toshe ƙofa da taga, inda iskar da ba ta da wari take kashe mutane suna barci, sai kuma gobara. A bayan littattafan ambaliya muna rubuta yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari saboda amai da gudawa da ke biyo bayan gurɓacewar rijiyoyi: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba mara lafiya a kan hanyar zuwa asibiti.

Ba na hana yara shigo da tatsuniya cikin aikin. Gizo ya dace sosai da matsayin wanda ya ƙi jin maganar Ƙoƙi ya ce zai yanke ta cikin ruwa don ya riga kowa isa wurin biki, kuma ajin kan yi dariya idan ruwa ya tafi da hularsa. Kunkuru yana iya magana, kogi ma yana iya magana. Iyakar da na gindaya ita ce matakin tsira dole ya zama gaskiya tsantsa, domin littafin zai je hannun ƙaramin yaro da zai ɗauki abin da ya gani a matsayin umarni. Addu'a ma tana da gurbinta, kuma yara da kansu suke sa ta: tasbihin da ake yi idan an ji tsawa, da roƙon da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi lokacin da ruwa ya yi yawa a Madina, cewa Allah Ya saukar da shi a kewayenmu ba a kanmu ba. A littafin sai ka ga mutumin yana addu'a yana kuma tafiya zuwa tudu, yadda addini ya koyar. Akwai iyayen da ba sa son 'ya'yansu su zana abu mai rai, kuma ina girmama wannan. Irin waɗannan yara sukan zana gidaje da gajimare da matakin ruwa a jikin katanga da sawun ƙafa da ke nuna hanyar gudu, kuma wasu daga cikin shafukan da suka fi bayyana haɗari a fili daga hannunsu suka fito.

Wani abu da ya kamata duk mai son gwada wannan aiki ya yi hattara da shi shi ne, a aji irin nawa akwai yaran da ruwa ya taɓa cinye musu gida, akwai waɗanda suka rasa ɗan'uwa. Wani zai so ya rubuta abin da ya gani, kuma rubutun yakan rage masa nauyi. Wani kuwa ko kalmar ba ya son ji. Ba a tilasta wa kowa, ba a karanta littafin yaro a gaban jama'a sai da yardarsa, wanda ya ce shi a kan hazo zai rubuta a bar shi da hazonsa. Nakan kuma roƙi kowane rukuni kada labarinsu ya tsaya a kan ɓarna, ya kai har inda aka koma gida, ko aka yi gayya aka tayar da katanga, domin manufar ita ce yaro ya san abin yi, kuma tsoron da ya wuce kima yana daskarar da mutum ne a inda yake.

Da Hausa suke rubutawa, da boko ko da ajami ga wanda hannunsa ya fi faɗawa a can, saboda littafin na gida ne. Yana shiga inda jami'in hukuma ba ya shiga, a karanta wa uwa tana tuƙa tuwo, a karanta wa ƙanne, kaka kuma ta gyara sunan wurin da aka rubuta ba daidai ba. Littattafan yara na Hausa ba su da yawa a makarantunmu, don haka aikin yana ƙara musu ƙwarewar karatu da rubutu ba tare da an kira shi darasi ba. Malamin da ke da kwamfuta ko babbar waya yana iya ɗaukar hoton shafukan ya tsara su a kwamfuta da manhajar haɗa littattafai ta Bloom, ko ya ɗora su a shafin African Storybook da ke intanet, wanda dama yana da littattafan Hausa, bayan ya nemi izinin iyaye.

Ba na son a fahimce ni kamar ina ɗora wa yara nauyin da na manya ne. Littafin kwali ba zai yashe kogi ba, ba zai cire kachala ba, ba zai gyara madatsar ruwa ko ya hana sayar da fili a kan hanyar ruwa ba, kuma raina yakan ɓaci idan na ji ana yabon wayar da kan yara a wurin da aka bar magudanai cike da leda. Abin da nake roƙo daga hukumomin ilimi da na ba da agajin gaggawa na jihohi kaɗan ne: a ba malamai takarda ɗaya da Hausa mai ɗauke da ingantattun matakan tsira daga kowane haɗari, domin malami ma yana iya gadon kuskure daga gida ya koyar da shi da kyakkyawar niyya, a kuma samu ma'aikacin lafiya ko jami'in agaji ya duba littattafan kafin su tafi gidaje.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce aka fi yin sakaci da ita. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 13 ga Oktoba don rage haɗarin bala'o'i, kuma rana ce mai kyau ta gayyato iyaye su saurari karatun 'ya'yansu, amma a ƙasarmu a lokacin damina ta riga ta yi abin da za ta yi. Ruwa ya fi ƙarfi a Agusta da farkon Satumba, daidai lokacin dogon hutu, sa'ad da yara ke gona da bakin rafi da tallace-tallace, babu malami a kusa da su. Saboda haka nake fara littattafan tsawa da ambaliya da zarar an dawo zango na uku, a ɗinke su a duba su kafin ƙarshen Yuni, kowane yaro ya tafi hutu da nasa. Na garwashi da gobara a zangon farko muke yin su kafin sanyi ya sauka, na zafi da sanƙarau kuma a watan Janairu da Fabrairu.